Littafin da Ba a San Inda Yake Ba: Tarihin Fihirisa a Ƙasar Sakkwato

Wanda ya tashi daga Sakkwato ya miƙi hanyar Jega zai wuce Boɗinga, ya bar Sifawa a gefe, ya ratsa ƙasar Shagari, kafin ya sauka Tambuwal bayan tafiyar kilomita ɗari ko kusa da haka. In ya nausa kudu sai Kebbe, can kusa da iyakar Zamfara da jihar Kebbi. Matafiyi gero da dawa yake gani, da kasuwannin bakin titi. Amma a kan wannan hanya aka rubuta wani babban kaso na littattafan da jami'o'inmu ke alfahari da su yau. Shehu Usmanu ya zauna Sifawa daga wajen 1810 zuwa 1815, ƙanensa Abdullahi yana Boɗinga, ɗan Shehu Muhammadu Buhari kuma a Tambuwal ya kafa gida. An sha ba da labarin waɗanda suka rubuta littattafan. Labarin waɗanda suka jera su, suka rubuta sunayensu don na baya ya san akwai su, shi ne ba a cika bayarwa ba.

Aikin ya girmi boko nesa ba kusa ba. A Bagadaza, wajen shekarar 987, wani mai sayar da littattafai da ake kira Ibnun Nadim ya tattara sunayen littattafan Larabci da ya sani, da marubutansu, fanni-fanni, ya kira aikin Alfihrist. Daga wannan kalma Hausa ta samu fihirisa. Littattafai kuwa sun shigo ƙasar Hausa ta Sahara da ta Barno, a kan raƙuman fatake da cikin kayan alhazai, tun kafin zuwan Almagili Kano a ƙarshen ƙarni na 15. Takarda ma baƙuwa ce. Wadda aka fi yin rubutu a kanta a ƙarni na 19 daga Italiya take fitowa ta biyo Tarabulus ko Masar, in ka ɗaga ta ga haske sai ka ga hoton jinjirin wata uku a jikinta.

Yadda ake ajiye littafin ne ya kamata mai karatu ya lura da shi, don a nan matsalar ta samo tushe. Ba a ɗinke shi. Warƙoƙi ne a sake, a haɗa su cikin tadarishi, a naɗe da tsirkiya, a zura cikin gafaka, a rataye ko a sa a adaka. Babu lambar shafi. Abin da ke riƙe da jerin shi ne kalma ɗaya da mai kwafi ke rubutawa a ƙasan shafi, wadda da ita shafi na gaba zai fara. Babu bango mai ɗauke da suna. Sunan littafi yana cikin gabatarwa, bayan bisimilla da salati, sunan mai kwafi kuma yana ƙarshe in ya ga damar sawa. Warƙar farko da ta ƙarshe su ne suka fi saurin lalacewa, su ke shan gumi da danshi da gara. Ke nan abin da ya fi saurin ɓacewa daga littafi shi ne sunansa da na mai shi. Malam bai damu ba, don ya san kowace gafaka da abin da ke cikinta, ko cikin duhu ya miƙa hannu zai ciro wadda yake so. Fihirisar tana kansa. Ranar da ya rasu, aka zo rabon gado, wannan ɗa ya ɗauki gafaka uku wancan ya ɗauki biyu, wani lokaci littafi ɗaya ya rabu gida biyu, shi ke nan fihirisa ta bi malam kabari.

A watan Fabrairu na 1804 jama'a suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. Ana cewa wani malami Buzu mai suna Agali ne ya ba da raƙuman da suka ɗauki littattafan Shehu. Wannan labarin baka ne da zuriya ke riƙe da shi. Abin da rubutu ya tabbatar shi ne yaƙi bai tsayar da alƙalami ba, daga Gudu zuwa Gwandu a 1805, har faɗuwar Alkalawa a 1808 da gina Sakkwato a 1809.

Shekarar 1812 ce, a ganina, mafarin fihirisa rubutacciya a wannan ƙasa, ko da yake masu ita ba da wannan suna suka kira ta ba. A shekarar Abdullahi ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu. A shekarar kuma Muhammadu Bello ɗan Shehu ya kammala Infaƙul Maisuri, wanda sashensa na farko ya kawo malaman ƙasashen Takruru da abin da suka bari na rubutu. Yau duk mai son sanin me ake karantawa a zaurukan Gobir da Zamfara kafin jihadi, waɗannan biyu zai fara buɗewa.

Shehu ya rasu a 1817. Zamanin Bello littattafai suka yawaita har lissafinsu ya zama aiki. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, cikin abin da ya rubuta kan rayuwar Bello, ya jera sunayen littattafansa. Matar wazirin Nana Asma'u kuwa, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ana cewa ita aka ɗora wa tattara rubuce-rubucen mahaifinta Shehu da tsara su bayan rasuwarsa. Haka labarin yake a bakin Giɗaɗawa, zuriyar Giɗaɗo, haka kuma masu rubuta tarihinta suka karɓo shi. Akwai wani ɗan labari da Baturen nan Clapperton ya rubuta, wanda ya zo Sakkwato a 1824, ya dawo a 1826, ya mutu a can a 1827. Cikin tsarabar da ya kawo wa Bello a zuwa na biyu har da littafin lissafi na Uƙlidis da Larabci. Bello ya shaida masa cewa da suna da kwafi wanda aka kawo daga Makka, gobara ta cinye shi. In da baƙo bai rubuta wannan hira ba, da ba mu san littafin ya taɓa kwana a Sakkwato ba. Sauran abin da ya ƙone tare da shi kuwa, Allah kaɗai ya sani.

A wannan zamani ne Tambuwal ta shigo labarin. Marubuta tarihi sun kawo cewa da Shehu ya raba kula da ƙasa a 1812, gabas ga Bello, yamma ga Abdullahi, an ambaci Buhari cikin masu kula da kudu. Ya zauna Tambuwal, garin ya zama ribaɗi mai tsaron hanyar da ta haɗa Sakkwato da Gwandu, a lokacin da Kabawa da Zamfarawa ba su daina tayar da ƙura ba. Ribaɗi a tsarin Bello ba ganuwa da mayaƙa kaɗai ba ne: da masallacinsa, da alƙalinsa, da malamin da zai karantar. Buhari kansa malami ne, mawaƙin Larabci, ɗansa Umaru ma ya yi rubutu kan tarihin jama'a, zuriyarsu kuma ita ke riƙe da sarautar garin. Sakamakon wannan tsari shi ne littattafai ba su taru wuri guda ba. Sun bazu gari-gari, zaure-zaure, duk inda aka tura alƙali ko limami ya tafi da gafakarsa. Bazuwar ta cece su daga gobara ɗaya ko hari ɗaya, ita ce kuma ta sa har gobe babu wanda zai ce ga adadinsu.

A 1853 Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Gwandu. Aka ara masa wani littafin tarihin Songai da Tambutu, ya kwana uku ko huɗu yana kwafar abin da ya iya. Tarikhus Sudan ne. Sai dai ya sanar da Turai cewa Ahmad Baba ne ya rubuta shi, alhali na Abdurrahman Assa'adi ne. Kuskuren ya yi shekaru kusan arba'in yana yawo a littattafan masana, sai da aka buga cikakken littafin a Faransa a 1898 maganar ta zauna. Barth ba jahili ba ne, ya iya Larabci. Abin da ya rasa shi ne layi ɗaya da wani ya rubuta ya ce littafi kaza na wane ne.

Ranar 15 ga Maris 1903 Turawa suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli. Malamai da dama sun bi shi da littattafansu, wasu har Sudan, abin da ya tafi bai dawo ba. Wasiƙun da aka samu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari kuwa, wani jami'in mulki mai suna Backwell ya fassara su ya buga a 1927. Daga nan sai aka yi dogon shiru. Gwamnatin Turawa ta fi damuwa da rajistar haraji da ta kotu. A 1943 ne wani Bature mai suna Whitting ya buga wani gajeren jerin littattafan Larabci na Arewa da ba a ɗab'a ba. A shekarun yaƙin duniya na biyu kuma aka buɗe ɗakunan karatu na En'e a manyan garuruwa, inda ake zuwa karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, a ji labarin yaƙi. Mai kula da ɗakin yawanci malamin En'e ne da aka ba makulli da rajista, ba wanda ya koya masa jera littafi.

Sana'ar ta zamani daga Ibadan ta faro. An buɗe kwalejin jami'a a 1948, John Harris ya zama shugaban laburarenta. Mataimakinsa Kensdale ya hau Arewa neman littattafan Larabci, ya fitar da fihirisarsu tsakanin 1955 da 1958, tare da jerin rubuce-rubucen Shehu da Abdullahi da Bello, kowanne daban. A 1964 aka kafa cibiyar adana rubutun Larabci a Ibadan ƙarƙashin John Hunwick, a Zariya kuma shirin binciken tarihin Arewa ya kankama ƙarƙashin Abdullahi Smith, wanda ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Hanyar aikinsu ita ce a je gidan malami, a roƙi aro, a ɗauki hoton littafi a siririn fim, a mayar masa da kayansa. Gidan da aka fi sha daga gare shi shi ne na Waziri Junaidu a unguwar Giɗaɗawa, wanda ya zama waziri a 1948. A gabansa Murray Last ya zauna kafin ya fitar da littafinsa kan daular Sakkwato a 1967. Sai dai motar masu bincike ta fi tsayawa inda aka san sunan gida: Sakkwato, Gwandu, Kano, Katsina, Bauci. Zauren limamin ƙauye ba ya cikin taswirarsu.

Koyar da aikin kuwa da rigima ya zo. Makarantar farko ta horar da ma'aikatan laburare ta fara a Ibadan a 1960 da kuɗin gidauniyar Carnegie ta Amurka, ta fi karkata ga ɗaukar wanda ya riga ya yi digiri a wani fanni. Arewa a lokacin masu digirinta a tafin hannu suke, ba ta da rarar da za ta tura. Gwamnatin Sardauna ta gayyato wani masani daga Ostareliya, F. A. Sharr, ya zagaya ya rubuta rahoto a 1963 kan bukatun laburare na Arewa, ya ba da shawarar a yi makaranta a gida. Wannan rahoto, in an duba, shi ne tsarin dogon zango na farko da aka yi wa laburarenmu: ya ƙirga abin da ke ƙasa, ya faɗi abin da za a bukata, ya fara da mutum kafin gini. A 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen ilimin laburare, ta fara ba da digirin farko a fannin, abin da manyan sana'ar a kudu suka yi wa kallon raini. Zariya ce ta ci gari, don yau kusan duk jami'ar da ke koyar da fannin tafarkinta take bi. Kano ta buɗe nata a 1977, Maiduguri a 1978.

To me aka koyar? Ƙa'idojin fihirisa na Ingila da Amurka, waɗanda suka fito a 1967 aka sabunta a 1978. Tsarin lambobi na Melvil Dewey na 1876, da na laburaren majalisar dokokin Amurka wanda yawancin jami'o'inmu suka ɗauka. Ɗalibi ya koyi buga kati mai inci uku da biyar a tafireta, ɗaya da sunan marubuci, ɗaya da sunan littafi, ɗaya da fanni, a huda ƙasa a zura a sandar aljihun kabad. Ilimi ne na gaske, ba na raina shi. Wanda ya taɓa neman littafi a ɗakin da ba a yi wa wannan aiki ba ya san darajarsa. Amma riga ce da aka ɗinka wa wani. Dewey ya ba Kiristanci daga 220 zuwa 280, ya cusa Musulunci duka, da tafsiri da hadisi da fiƙihu da tasawwufi, cikin lamba ɗaya, 297. Ƙa'idar kuma ta ce a fara da sunan dangi. Bahaushe ina ya ga sunan dangi? Shehu Shagari sunan garinsu ya ɗauka, haka dubban 'yan boko daga Tambuwal da Kebbe da Yabo da Dogon Daji, sai ka tarar da mutum goma da ba su haɗa kaka ba sun taru ƙarƙashin harafi ɗaya kamar 'yan ɗaki guda. Shehu Usmanu kansa yana da rubutun suna ya fi biyar a katunan laburare, wani ya sa shi a Usman, wani a Fodiyo, wani a Ɗan, wani a Ibn. Littattafan Abdullahi da yawa da kalmar Liya'u suka fara, Liya'ul Hukkami, Liya'ut Tawili, Liya'us Siyasati, wanda bai iya Larabci ba sai ya ɗauka ɗaya ne. Tafiretar ma ba ta da ɓ da ɗ da ƙ.

Aka wayi gari da ma'aikata iri biyu da ba sa haɗuwa. Mai digirin laburare ya san ƙa'ida, ba ya iya karanta rubutun Magaribi balle ajami. Almajirin zaure yana karantawa kamar ruwa, ya ga layi biyu ya ce wannan na Bello ne, amma ba shi da takardar da za a ɗauke shi aiki da ita sai dai a masinja.

An kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, ta ɗauki ɗalibai a 1977, aka sa mata sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, babban laburarenta kuma yana ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. Tun a 1973 gwamnatin jiha ta kafa hukumar tarihi, wadda yau ke ɗauke da sunan Waziri Junaidu, ta tara rubuce-rubuce masu yawa. Ba a daɗe ana cin wannan daɗi ba. Tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya naira, jami'o'i suka kasa sayen littattafai da mujallun waje, ƙwararru suka watse. A farkon shekarun 1990 bashin Bankin Duniya ya kawo wa jami'o'in tarayya littattafai da kwamfutoci da wata manhajar fihirisa mai suna TINLIB. A wurare da yawa ba ta yi tsawon rai ba: ba wuta, ba kuɗin sabunta lasisi, wanda aka horar ya bar aiki. Yarjejeniyar malaman jami'a ta 1992 ta haifar da asusun harajin ilimi a 1993, wanda ya koma TETFund a 2011, aka kuma ce a riƙa ware wa laburare kashi 10 cikin ɗari na kuɗin gudanarwar jami'a. Faɗa da cikawa daban.

Tun daga nan kowace jami'a ta koyi rubuta tsarin shekara biyar, da buri da manufa a shafin farko. Na karanta irinsu ba ɗaya ba biyu ba. Za ka ga gini, da janareto, da kwamfuta ɗari, da rajistar mujallun intanet. Da wuya ka ga layin da ya ce mutum nawa za a horar kan fihirisa, wa zai gaji dattijon da ya kusa ritaya a sashen, ko kwali nawa ne na littattafai ke jibge a bayan ɗaki ba a ba su lamba ba. Su ma ɗalibai gudun darasin suke yi, suna ce masa lissafin laburare. Da sabuwar ƙa'idar RDA ta fito a 2010, ga manhajar Koha ta kyauta, ga intanet, sai aikin ya koma kwafowa: a nemo bayanin littafi daga laburaren Amurka a liƙa. Ga littafin kimiyya da aka buga a Landan wannan ya wadatar. Littafin waƙoƙin da aka buga a wata maɗaba'ar Sakkwato ko Gusau ba lamba ba shekara fa? Kundin digirin da ɗan Kebbe ya rubuta kan tarihin garinsu fa? Babu mai yi mana su a waje, sai wanda ya zauna ya duba da idonsa ya rubuta.

Abin da zama irin wannan ke haifarwa an gan shi. A 1995 Hunwick ya fitar da juzu'i na biyu na babban kundinsa na rubutun Larabci a Afirka, wanda ya jera marubutan wannan yanki da littattafansu da inda kowane kwafi yake. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka buga tarin rubuce-rubucen Nana Asma'u, mafi yawansu daga gidan Waziri Junaidu, shi kuma a shekarar ya rasu. An kuma ga kishiyarsa a Tambutu a watan Janairun 2013, da 'yan bindiga suka ƙona ko suka kwashe rubuce-rubuce sama da 4,000 a cibiyar Ahmad Baba. Wanda aka riga aka rubuta sunansa an san an yi asararsa. Wanda ba a rubuta ba ko makoki bai samu ba.

Na taɓa zama a wani zaure a wannan yanki, magajin gidan ya sa aka fito da adaka don ya nuna mini littattafan kakansa. Gafakar sama lafiya lau. Ta ƙasa da aka ɗaga, ƙasa ce ta zubo, gara ta gama da ita. Na tambaye shi wane littafi ne. Ya ce wallahi Baba ne ya sani. Yanzu kuma ga rashin tsaro ya ƙaru a kan gara da ɗigar damina, ƙauyukan Kebbe da na makwabta sun ga hare-hare a 'yan shekarun nan, wanda ya gudu da dare kuwa 'ya'yansa zai ɗauka, ba adaka ba.

Saboda haka kirana ga laburaren Abdullahi Fodiyo, da hukumar tarihi ta Waziri Junaidu, da sassan koyar da laburare na Zariya da Kano: tsarin shekara biyar mai zuwa a sa fihirisar rubutun Larabci da ajami cikin darussan dole, a buɗe ƙofa ga almajiran zaure su shigo a horar da su, a tura ɗalibai aikin koyon sana'a Tambuwal da Kebbe da Dogon Daji maimakon a tara su duka a birni. Ku kuma masu gafaka a gida, ba sai kun ba kowa littafinku ba. Ku samu littafin rubutu na 'yan makaranta, ku zaunar da dattijon da ya rage, kowace gafaka a rubuta sunan littafin, da mai shi, da layin farko, da layin ƙarshe, da yawan warƙoƙi, da sunan mai kwafi in akwai. Ku yi kwafi biyu, ɗaya a ajiye a wani gida daban.